Shekarar Da Na Janye Takardata

Na san labarin da kuka tashi da shi a kunne, domin ko a gabana an sha yin sa, a gidan biki da gidan suna, da murya ƙasa-ƙasa. Wai akwai shekarar da wata yarinya 'yar ƙauye ta kunyata uwarku a gaban ɗalibanta, uwar taku ta yi zuciya ta yaga takardar da za ta kai ta babban matsayi, shi ya sa har ta ajiye aiki ba ta wuce inda take ba. Sadiya, ke kin taɓa tambayata, na ce ki bari sai kin girma. Yanzu kin girma har kin ajiye naki 'ya'yan, ni kuma idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu, don haka ga amsarku ku duka. Ban yaga komai ba. Ban yi zuciya ba. Kuma da za a mayar da ni shekarar nan, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai in fi haka sauri.

Dole in fara da kawunku Lawan, yayana, wanda ba ku yi wayo da shi ba. Masunci ne a Gashuwa kamar mahaifinmu, da damina kuma yana noman shinkafa a fadama. Shi ya tsaya tsayin daka aka bar ni na yi karatu, lokacin da mutanen unguwa ke cewa 'yar mai bandar kifi me za ta yi da boko. Ina babbar likita a Nguru aka kawo min shi kwance a bayan mota, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi, fuskarsa ta cika har idanu sun shige. Ƙodojinsa biyu sun riga sun gaza. Mun yi ta jigilarsa zuwa Kano wankin ƙoda, bai kai kaka ba ya rasu. Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san yadda ciwon nan ke ɗauke majiya ƙarfi, gida bayan gida. Ranar sadakar uku na shiga ɗakinsa in kwashe kaya, na tarar da jarkoki a ƙarƙashin gado cike da jiƙon saiwoyi da sassaƙe, wasu da jar kanwa a kwance a gindi. Na san hannun da ya haɗa su. Na ɗauko ɗaya na fito tsakar gida, mata cike da tabarmi, na ajiye ta a gaban kakarku Iya.

"Wannan ne ya kashe shi," na ce mata.

Iya ta dubi jarkar, ta dube ni, ta ja mayafinta ta rufe kai. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin ta amsa laifi.

Na koma Nguru da wuta a zuciyata. Duk mai ciwon ƙodar da aka kwantar a ɗakinmu sai na ja kujera na zauna kusa da shi na tambaye shi ko yana shan jiƙo. Kusan kowa sai ya ce yana sha. Shekara huɗu ina rubutawa, ina tarawa, har abin ya zama takarda mai kauri da jadawali da komai. Shugaban sashenmu, Dakta Isyaku, ya sa sunansa kusa da nawa kamar yadda aka saba. Muka aika wa masu shirya babban taron likitoci, suka karɓa, suka ba mu rana. Ƙarin girman da nake jira shekara da shekaru a kan takardar nan ya rataya, shi ma Dakta Isyaku yana da tasa buƙatar da ita.

To, a wannan lokacin ina da wani zama da na kafa, wanda ya fi min komai daɗi a aikin. Likitocin da ke karatun ƙwarewa a ƙarƙashinmu yara ne masu ƙwazo, sai dai duk abin da suka gani a buge da turanci, sun ɗauka ya sauko daga sama. Ɗan tallan magani zai zo da takarda mai sheƙi da biro na kyauta, washegari sai ka ga sabon maganin a katin tsohuwar da ko kuɗin mota da ƙyar ta haɗa. In na tambaya, sai a ce min, ai an rubuta a mujalla. Shi ya sa na roƙi wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin gwaje-gwaje, na ce duk Laraba bayan azahar mu haɗu mu karanta bincike guda ɗaya, mu kwance shi kamar yadda ake kwance injin ban ruwa, mu ga ko ƙarfen ciki na kirki ne. A turance akwai sunan da suke kiran irin wannan zama, mu dai zaman Laraba muke ce masa. Nakan zo da zoɓo mai sanyi a kula, don mafi yawansu daga aikin kwana suke, ido ja. Ina da dokoki biyu. Sunan marubuci nakan rufe shi da farar takarda kafin a yi fotokofi, don kada girman suna ya rufe wa kowa baki. Sannan mafi ƙanƙanta a ɗakin shi ke fara magana, manya su jira. Abin da na fi maimaita musu har suka mayar da shi abin tsokanata a bayan ido shi ne, takarda ba aya ba ce. Mutum ne ya rubuta ta, mai yunwa da gaggawa da son a yabe shi, irinmu.

Ba zan ɓoye muku dalilin da ya sa na kawo tawa takardar zaman ba. Na gaya wa kaina cewa ina so a duba min kurakurai kafin taro. Ƙarya ce. Yabo na je nema. Na so in zauna a gefe in ji ɗalibaina na cewa wannan kam ba ta da makusa, sannan in yi murmushi in ce tawa ce.

Wadda layi ya zo kanta ranar ita ce Dakta Falmata, 'yar wani ƙauye a bayan Yusufari, can cikin tudun yashi. Siririya ce, ba ta da yawan magana, Hausarta da karin Barbarci, har wasu na yi mata dariya in ta juya baya. Shekararta ɗaya ke nan da mu. Dakta Isyaku, wanda bai cika zuwa zaman ba, ranar sai ga shi ya shigo ya zauna a kujerar gaba. Falmata ta miƙe da takardun a hannu, duk ta cika gefensu da jan biro. Ta bayyana abin da aka yi tsaf, ta ce masu aikin sun sha wahala, Allah ya saka musu.

"Ranki ya daɗe, abu biyu ne ban gane ba," ta ce. "Sun tambayi masu ciwon ƙoda ko suna shan jiƙo. Ban ga inda suka tambayi masu lafiya ba. A garinmu ba gidan da ba tulun jiƙo a bayan ɗaki, ni ma da shi aka raine ni. In da za a je ɗakin masu karaya a yi wannan tambayar, ina jin amsar ɗaya ce."

Na ce ta ci gaba, amma ni kaina na ji muryata ta canza.

"Na biyu, ba su tambayi yaushe aka fara sha ba. Mutanenmu ba sa neman saiwa da gaske sai ƙafa ta kumbura, asibiti kuma ya yi nisa. To wanne ya riga wanne? Ta yiwu ciwon ne ya kawo jiƙon, ba jiƙon ne ya kawo ciwon ba."

Ku yarda da ni, ban ji sauran abin da ta faɗa ba. Lawan ya faɗo min a rai. Mutumin da ko kunun tsamiya in ya yi tsami sai ya ɓata fuska, wanda tun muna yara sai an danne shi ake ba shi magani mai ɗaci. Yaushe Lawan ya fara shan jiƙo? Shekara huɗu ina bin baƙi da tambaya gado-gado, amma wannan tambaya guda ban taɓa yi wa uwata ba.

Dakta Isyaku ya riga ya gane takardar. Ya juyo da kujerarsa.

"Ke yarinya, yaushe kika fara rataya abin awo a wuya? Kin san shekarun da aka yi ana wannan aikin? Zauna."

Ta fara lanƙwasa gwiwa za ta zauna. Na ce, "Tsaya a inda kike, Falmata." Na juya gare shi na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗakin nan ba a amsa tambaya da shekaru. In kana da amsar abin da ta faɗa, muna saurare. Ni dai ba ni da ita." Sannan na dubi sauran na ce, "Takardar nan tawa ce. Kuma abin da ta faɗa gaskiya ne."

Ya tashi ya fita. Kunyatawar da kuke ji ana faɗa ke nan, daga farkonta har ƙarshenta.

Ban tsaya a kan maganar baki ba. Kwana uku ni da Falmata muna zagaye. Muka shiga ɗakin masu karaya, muka shiga na masu jego, muka tsaya wajen masu jinya da ke girki a ƙarƙashin darbejiya. Masu ƙodar lafiya lau, su ma suna sha, wasu har dariya suka yi da muka tambaya, kamar mun ce ko suna cin tuwo. Muka koma wa masu ciwon ƙodar muka tambaye su yaushe. Wani dattijo daga wajen Machina ya ce min, "Likita, da lafiyata me zai kai ni shan ɗaci? Sai da takalmina ya daina shiga." Ranar na koma ofis na rufe ƙofa na daɗe a zaune.

Da Dakta Isyaku ya ji ina shirin janye takardar, sai ya kira ni a farkon mako. Ya sauko, har shayi ya sa aka kawo min. Kada ku ɗauke shi mugu, mutum ne da ya yi wa marasa lafiya hidima tsawon ransa, kuma ni na ja shi cikin wannan rami.

"Dakta Zainabu, abin bai kai haka ba," ya ce. "Ki ƙara layi ɗaya a ƙarshe, ki ce ana buƙatar ƙarin bincike. Kowa haka yake yi. Kuma ƙarya muka yi? Ke ba ki taɓa ganin jiƙon da ya lalata ƙoda ba?"

"Na gani, kuma gobe ma zan hana mara lafiyata sha. Amma abin da muka rubuta shi ne mun gano abin da ke kashe mutanen Gashuwa, alhali ba mu gano ba. In muka hau mumbari muka faɗi haka, an rufe magana. Wa zai ƙara duba ruwan da suke sha? Wa zai duba feshin gona, ko wunin da suke yi cikin rana ba ruwa? Sai a ce jahilcinsu ne ke kashe su, kowa ya wanke hannunsa."

"Sunana yana kai."

"Nawa ne a sama, ranka ya daɗe. A wasiƙar janyewar zan rubuta cewa kuskuren nawa ne ni kaɗai."

Ya ture kofin shayinsa gefe ya ce in na aika wasiƙar nan kada in ƙara tsammanin hannunsa a kan wata takarda tawa. Na ce na ji. Daga ofishinsa na wuce na aika.

A gida ma ban samu tafi ba. Abbanku ɗan kasuwa ne jikan 'yan kasuwa, tun kakansa da ya zo daga Haɗeja ya kafa rumfar hatsi kusa da tashar jirgi. A wurinsa suna shi ne jari. Labari ya riga ni isa kasuwa, ya dawo da la'asar ransa a ɓace, ya zauna ko hula bai cire ba.

"Zainabu, in mutum ya ga ƙwari a buhunsa, janye shi yake yi shiru ya kai baya. Ba ya hawa kan buhun ya yi shela."

"Buhun nan na riga na auna wa mutane daga cikinsa, Alhaji. Na koya wa yara shi a bakin gadon marasa lafiya. In ban yi shela ba, ta yaya wanda ya saya zai sani?"

"Yanzu ɗalibarki ce za ta gyara miki karatu?"

"To me na tara su ina koya musu? Su gyara na Turawa su bar nawa?"

Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ana haka sai aka aiko min da takarda cewa ana buƙatar ɗakin zamanmu don ajiye kaya. Na je na tarar an jibge karyayyun gadaje a ciki. Da na gaya wa Abbanku, sai ya ce shi har yanzu bai yarda da abin da na yi ba, amma ba a kori matarsa daga ɗaki ya zuba ido ba. Washegari ya sa aka kwashe buhunan gero daga zauren gidanmu, aka share, aka shimfiɗa tabarmi. Mubarak, zauren da ka tashi kana ganin likitoci na musu a ciki duk Laraba, asalinsa ke nan.

Da farko mutum uku ne kawai suka zo. Sauran sun ji tsoro, domin jarrabawarsu na hannun wanda na ɓata wa rai, kuma ban ga laifinsu ba. Falmata ta zo tun kafin lokaci, ta same ni a tsakar gida ta durƙusa, wai ta zo ba ni haƙuri. Na ce ta tashi, in ta ƙara ba ni haƙuri a kan gaskiya to ranar za mu ɓata. Na tambaye ta ko ta san tawa ce.

"Tun shafin farko na sani, Malama. Kwana biyu ban iya cin abinci ba."

"To me ya sa kika faɗa?"

"Na ga in na yi shiru, na nuna ban yarda da abin da kike koya mana ba ke nan."

Ƙarin girma ya zo ya wuce ni a shekarar, ya sake wuce ni a ta gaba. Waɗanda na koya wa sa allura suka zama shugabannina, na riƙa miƙewa in sun shigo taro. Kada wani ya ce muku bai yi min ciwo ba, ya yi. Amma zauren ya cika a hankali har ana zama a dakali. Yaran da suka fito daga cikinsa suna warwatse yanzu a asibitocin ƙasar nan, kuma ba wanda ya isa ya miƙa musu takarda mai sheƙi su sa hannu ba su juya bayanta ba. Falmata da kanta ta koma kan ciwon ƙodar, tana bi gida-gida, masu ciwo da masu lafiya. Har na bar aiki ba mu samu amsa guda da za mu rantse a kanta ba. Na gwammace wannan rashin sanin da sanin ƙaryar da na kusa raba wa duniya.

Sai dai akwai inda jarumtata ta tsaya, kuma shi ma sai kun ji. Takarda na janye ta cikin mako guda. Kalmar da na jefi Iya da ita kuwa, sai da na yi wata biyu ina kewaye-kewaye, yau aiki, gobe hanya ba kyau. Na iya tsayawa gaban shugabana, amma na kasa shiga motar Gashuwa.

Ranar da na tafi, da hantsi na isa. Ruwa ya fara ja da baya, kifi ya yi yawa, unguwar duk hayaƙin banda. Na same ta a bayan gida tana juya tarwaɗa a kan wayar banda, ta rame, idanunta na hawayen hayaƙi. 'Yar Lawan ta ƙarshe, Hauwa, tana zaune can nesa a bakin ƙofa. Muka gaisa. Na ja turmi na zauna.

"Iya, yaushe Yaya Lawan ya fara shan jiƙon nan?"

Ba ta ɗago ba. "Da ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi. Shi da ba ya son ɗaci. Sai na yi ta roƙo yake kurɓa."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan me zai sha? Lafiyarsa ƙalau, ko in ce haka muke gani."

Na ce mata, "Iya, abin da na faɗa ranar sadakar uku, ban san shi ba na faɗa. Ciwon ya riga jiƙonki shiga jikinsa. Ba zan ce ya taimake shi ba, amma ba ni da hujjar cewa ke kika kashe shi. Na zalunce ki a gaban mutane. Ki yafe min."

Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu.

"To me ya kashe shi?"

"Ban sani ba."

"Duk karatun nan?"

"Duk karatun nan, Iya. Ban sani ba."

Da ta buɗe baki, ba da faɗa ba ne, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

"Tun ranar nan ban ƙara ba 'ya'yansa ko ruwa da hannuna ba," ta ce. "In sun yi zazzaɓi sai in fita in bar gidan. Na ce likita ta faɗa, hannuna ne. Kin yi saurin faɗa, Zainabu, kin yi jinkirin dawowa."

Ta ce matan da suka ji maganar farko, sai su ji ta biyu. Na ce ta aika a kira su, duk wadda ke nan ranar, a tsakar gidan nan zan tsaya in faɗa. Ta gyaɗa kai. Sannan ta zaɓi tarwaɗar da ta fi gasuwa, ta ɓare ta a kan faifai, ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsunta, ta ɗaga murya.

"Hauwa, zo nan kusa da ni."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi bayanta ko wata Hauwar ake nufi. Sannan ta taso.